Manjo Hawker da Richthofen: taurin kai ne ya kashe shi ko tsohon jirgi?

Malam Sani Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda makon jiya an sha maganar Richthofen, Bajamushen nan da ya kakkaɓo jirage 80 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, bari in kawo muku labarin na 11 a cikin waɗanda ya kakkaɓo, don shi ba kamar sauran ba ne. Sunansa Lanoe Hawker, Manjo ne a rundunar jiragen saman sojan Ingila, kuma shi ake ɗauka a matsayin gwanin yaƙin sama na farko da Ingila ta samu.

An haife shi ranar 30 ga Disamba 1890 a ƙauyen Longparish da ke Hampshire, kudancin Ingila. Gidansu gidan sojan ruwa ne, shi ma tun yana yaro aka kai shi makarantar sojan ruwa ta Dartmouth, amma jikinsa bai ɗauka ba, sai ya koma makarantar hafsoshi ta Woolwich ya fito a cikin injiniyoyin soja a 1911. Tuƙin jirgi da kuɗin aljihunsa ya koya a Hendon, ya samu takardar shaida a watan Maris 1913. Ku tuna lokacin shekara goma ma ba ta cika ba da tashin jirgi na farko a Amurka.

Yaƙi ya ɓarke a Agusta 1914, zuwa Oktoba yana fagen daga tare da rukunin jirage na 6. Ranar 18 ga Afrilu 1915 ya tafi shi kaɗai a jirgin BE2c har Gontrode a Beljiyam, inda Jamusawa ke da rumfar katafaren jirgin balan-balan ɗin nan Zeppelin, ya yi ƙasa-ƙasa har kusan ƙafa 200 ya zuba musu bama-bamai. Wannan ya ba shi lambar yabo ta DSO, ta bajintar hafsoshin sojan Ingila. Bayan 'yan kwanaki, a faɗan Ypres na biyu, aka harbe shi a ƙafa daga ƙasa, ya ƙi kwanciya, sai dai a ɗauke shi a sa shi cikin jirgi, in ya dawo a ciro shi. Ranar 25 ga Yuli 1915 kuma ya tari jiragen Jamus uku ɗaya bayan ɗaya, na farko ya tsere, na biyu ya tilasta masa sauka da rauni, na uku ya same shi a sama wajen ƙafa 10,000 ya faɗo a ɓangaren Ingila, mutum biyun da ke ciki suka mutu. Nan ya samu Victoria Cross, lambar da babu ta sama da ita a sojan Ingila.

Duka-duka jirage 7 aka lissafa masa. Ya mutu ranar 23 ga Nuwamba 1916 yana da shekara 25. Abin da nake so mu tattauna: mutumin da ya fi Richthofen gogewa nesa ba kusa ba, me ya sa yaron ya kayar da shi?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Malam. Bakwai kacal? A cikin matuƙan Ingila, Albert Ball yana da 44 kuma yana ɗan shekara 20 ya mutu, McCudden 57, Mannock ya haura 60. Ai in da lissafi ake bi Hawker ko benci ba zai samu ba. Kuma amsar tambayarka a fili take, wanda ya fi ƙwarewa shi ya ci. Gogewa daban, gwaninta daban.

Baba Makanike:
Abban Sadiq, ɗana, bakwan 1915 ba bakwan 1918 ba ce. Bari in yi maka bayanin abin da yake hawa, don ni aikina ke nan har na ajiye.

Jiragen lokacin katako ne da waya da yadi. A ɗaure firam na katako, a ja wayoyi su riƙe fukafukai, a shimfiɗa yadi a shafe shi da wani ruwa mai sa shi ya ɗame kamar fatar ganga, shi ke nan jirgi ya haɗu. Matuƙi a waje yake, ba rufi, iska da sanyi na dukansa. Irin injin da ke kan ƙananan jiragen kuma abin mamaki ne, ba farfela kaɗai ke juyawa ba, injin gaba ɗayansa ke wulwulawa tare da ita, don iska ta riƙa sanyaya shi. Man zurma ake sa masa a madadin baƙin mai, kuma ba ya komawa tanki, fesar da shi yake yi waje, ya bi iska ya sauka a fuskar matuƙi da tabaransa da bakinsa. Duk wanda kakarsa ta taɓa ɗura masa man zurma ya san abin da ke biyo baya. Haka suke yaƙin.

To babbar matsalar ita ce bindiga. In ka kafa ta tana kallon gaba, farfelarka za ka fara sarewa. A farkon yaƙi ma ba a yi jiragen don faɗa ba, aikinsu su hau su leƙo inda abokan gaba suke, su ɗauki hoto, su gaya wa masu igwa inda harsashinsu ke sauka. In an haɗu a sama sai a yi ta harbin juna da ƙaramar bindiga ko doguwa, galibi a banza. Abin da Hawker ya yi, shi da wani makanike mai suna Ernest Elton, suka ƙera mariƙi a gefen hagu na jirginsa Bristol Scout, suka ɗora bindigar Lewis a karkace yadda harsashi zai wuce gefen farfela. Ma'ana jirginka na kallon nan, bindigarka na kallon can. Sai ka zo wa abokin gaba a kaikaice, ka yi lissafin gudunka da nasa da karkatar bindigar duk a kanka, hannu ɗaya a sitiyari. Kamar kana kan keke a guje a ce ka jefi tsuntsu mai tashi ta gefen kafaɗarka. Da wannan ya yi aikin 25 ga Yuli. Waɗancan masu 40 da 50 sun zo ne an riga an share musu hanya, bindiga na kallon gaba, an san dabarun, kuma sama cike take da jiragen da za a harba.

Nura Maradi:
Baba ya yi gaskiya. Bari in ƙara ta wajen Faransa, tunda mu ita aka koya muna a lakwal. Roland Garros, wanda filin wasan tanis na Paris ke ɗauke da sunansa, shi ya sa ƙarafa a jikin farfela don harsashin da ya bugi farfelar ya kauce. Ya harbo jirage uku a Afrilu 1915, sai ya faɗa hannun Jamusawa shi da jirgin, ranar 18 ga wata, ranar da Hawker ya je Gontrode. Daga nan kamfanin Fokker ya fito da na'urar da ke haɗa harbin bindiga da juyin inji, harsashi ya riƙa ratsawa tsakanin fukafukan farfela. Da wannan jirgin matuƙan Jamus Immelmann da Boelcke suka yi ta cin karensu babu babbaka daga damina ta 1915 har farkon 1916.

Amma ni na taɓa jin cewa Hawker da bindigar sojan doki mai harsashi ɗaya ya harbo jiragen nan uku. Wane ne daidai?

Malam Sani Zariya:
Nura, wannan labarin ya daɗe yana yawo, amma ƙarin gishiri ne. Lewis ce, kamar yadda Baba ya faɗa, kuma lambar jirgin ma an sani, 1611. Wani abin lura shi ne kafin shi matuƙa biyu sun samu Victoria Cross a shekarar: Rhodes-Moorhouse da ya kai hari kan layin dogo a Courtrai ya dawo da raunin da ya kashe shi, da Warneford da ya tarwatsa Zeppelin a saman Ghent ta hanyar sako mata bama-bamai daga sama. Tasa ce ta farko da aka bayar a kan faɗan jirgi da jirgi.

Kuma Abban Sadiq, ni ban ma sa bakwan nan a gaba ba. Nauyinsa yana ga abin da ya yi bayan an ba shi rukuni na 24, rukunin farko na Ingila da aka haɗa gaba ɗaya da jiragen faɗa masu ɗaukar mutum ɗaya. A Hounslow suka yi shiri, suka tsallaka Faransa a Fabrairu 1916 suka zauna a Bertangles kusa da Amiens. Jirginsu DH.2 ne, ƙirar Geoffrey de Havilland. Tunda Ingila ba ta da na'urar Fokker tukuna, sai aka kauce wa matsalar: aka mai da inji da farfela bayan matuƙi, shi kuma yana zaune a can gaba cikin wani abu kamar baho, bindiga a gabansa ba abin da ya tare ta.

Matuƙan sun tsorata da jirgin da farko, don yana shiga hajijiya ya yi ta juyawa har ƙasa, an yi asarar rayuka tun ba a ga abokin gaba ba. Hawker bai tara su ya yi musu huɗuba ba. Jirgi ya ɗauka ya hau sama a kan idonsu, ya jefa shi cikin hajijiyar da gangan, ta hagu, ta dama, inji a kunne, inji a kashe, yana fitowa kowane karo. Ya sauko ya nuna musu yadda ake yi.

Baba Makanike:
Ka bar mafi daɗin, Malam. Mutumin nan hannunsa ba ya zama. Farantin harsashin Lewis guda 47 yake ɗauka, ɗan harbi kaɗan ya ƙare, sai ka saki sitiyari ko ka matse shi da gwiwa ka ciro farantin ka sa wani, safar hannu mai kauri a hannunka, yatsu sun sandare. Shi da abokinsa Louis Strange suka yi aiki a kan faranti mai hawa biyu, wanda ya zama mai ɗaukar 97. Ya gyara abin saitin bindiga. Kuma da ya ga sanyi na cinye ƙafafun yaransa, don a DH.2 inji na baya, ko ɗuminsa ba ya iso ka, ya fito da takalmin fatar tunkiya mai gashi a ciki da ke hawa har cinya, daga baya ya zama kayan aikin matuƙan Ingila gaba ɗaya. Hukuma ta ce bindigar DH.2 a bar ta tana motsi matuƙi ya riƙa juya ta, matuƙa suka ga ɗaure ta wuri ɗaya a saita da jirgin kansa ya fi, hukuma ta hana, sai aka yi wata 'yar maƙala da ke riƙe ta cak amma ana iya sakinta, kowa ya samu abin da yake so.

Ni shugaban da ya san ƙafar yaronsa na jin sanyi shi nake kira shugaba. Na yi aiki ƙarƙashin waɗanda ko sunan sifana ba su sani ba, sai dai su zo da safe su tambaya me ya sa jirgi bai tashi ba.

Maman Iman:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata, ba su da lemar dirowa ne? In jirgi na katako da yadi ya kama wuta a sama, mutum ya yi yaya?

Malam Sani Zariya:
Hajiya, babu. Masu hawa balan-balan ɗin leƙen asiri da ake ɗaurewa da igiya suna da lema, amma matuƙan jiragen Ingila har yaƙin ya ƙare ba a ba su ba. Jamusawa sun fara ba nasu a 1918. Dalilan da ake kawowa su ne nauyi da ƙarancin wuri a cikin jirgin, ga kuma zargin da aka daɗe ana yi cewa wasu manya na ganin in an ba mutum lema zai yi saurin barin jirgin da zai iya cetowa. In wuta ta kama, zaɓi biyu ne, ko ka zauna ko ka yi tsalle. A faɗan 25 ga Yuli ɗin nan ma, Bajamushen da ke kujerar leƙe a jirgi na uku faɗowa ya yi daga jirgin yana ci da wuta.

Maman Iman:
Innalillahi. To shi ma ai ɗan wani ne. Ana ta lissafin bakwai da tamanin kamar ƙwallaye.

Abban Sadiq:
Yauwa Hajiya, kin kawo ni inda nake so. Malam da Baba sun zage suna yabon Bature kamar kawunsu ne. Sojan da Hawker ya shiga a 1911 shi ne dai sojan da ya fasa ganuwar Kano a 1903, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, ya shafe Satiru a 1906. Lokacin da yake ɗinka wa yaransa takalmin gashi, kakanninmu na cikin rundunar Najeriya suna yi wa Ingila yaƙi a Kamaru, Garwa da dutsen Mora, daga baya aka kwashe su zuwa Gabashin Afirka, da yawa ba takalmi ma a ƙafarsu. Wa ya san sunayensu? Shi kuwa har tagar gilashi mai zane aka yi masa a cocin ƙauyensu.

Usman na Sudan:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma nan dole in ce wani abu, don mu Hausawan Sudan wannan tarihin a ƙofar gidanmu ya faru. A watan Mayu 1916, daidai lokacin da rukunin Hawker ke fafatawa da Fokker a Faransa, Ingilishi sun shiga Darfur don kawar da Sarki Ali Dinar. Sun zo da jirage, kuma irin BE2c ɗin nan ne da Malam ya ce Hawker ya je Gontrode da shi. Bayan faɗan Beringia ranar 22 ga Mayu, washegari aka shiga El Fasher, jirgi ya bi mutanen Sarki da ke janyewa yana sako musu bama-bamai. Matuƙin saurayi ne mai suna John Slessor, wanda daga baya ya zama shugaban sojan saman Ingila baki ɗaya. An kashe Ali Dinar a farkon Nuwamba 1916, cikin watan da Hawker ya mutu. A 1920 kuma jirage ne suka rushe garuruwan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a Somaliya. Saboda haka sana'ar da aka koya a saman Faransa, a kanmu aka zo aka ci ribarta da araha, inda babu jirgin da zai tare su.

Malam Sani Zariya:
Malam Usman, Allah ya saka da alheri, wannan ƙari ne mai nauyi kuma ban musa ko ɗaya ba. Abban Sadiq, ni ban ce a yi masa addu'a ba. Amma in kana so ka gane yadda jirgin sama ya tashi daga abin kallo ya zama makamin da aka bi mutanen Ali Dinar da shi, dole ka san mutanen da suka mai da shi makami, kuma Hawker na sahun gaba. Ƙin sanin su ba ya rage wa Ingila komai, mu yake ragewa. Labarin sojojinmu na Kamaru kuma ka buɗe masa zaure nasa, ni zan fara zuwa, don akwai abin faɗa a kan yadda Jamusawan Mora suka riƙe dutsen nan har Fabrairu 1916.

Bari in koma kan tambayar. A rabin farko na 1916 DH.2 da sauran sababbin jiragen Ingila da Faransa sun karya lagon Fokker. Immelmann ya mutu a watan Yuni. Da aka buɗe faɗan Somme ranar 1 ga Yuli, ranar da Ingila ta yi asarar mutum sama da 19,000 a wuni ɗaya a ƙasa, sama a hannunsu take. Umarnin da Hawker ya ba yaransa gajere ne: a kai wa komai hari. Wannan ya yi daidai da ra'ayin babban kwamandansu Trenchard, wanda ya dage cewa kullum a tsallaka a yi faɗan a saman ƙasar da Jamus ke riƙe da ita.

Sai Jamusawa suka sake lale. Aka ba Boelcke dama ya zaɓi matuƙa ya kafa rukuninsa, Jasta 2, cikin waɗanda ya zaɓa har da Richthofen. A watan Satumba suka karɓi jiragen Albatros. Daga nan ruwa ya ƙare wa DH.2. Shi kansa Boelcke ya mutu ranar 28 ga Oktoba, jirginsa ya gogi na abokinsa Böhme suna tsakiyar faɗa, kuma da wa suke faɗan? Da DH.2 na rukunin Hawker. To ka ga akwai jiƙaƙƙiya tsakanin gidajen biyu tun kafin ranar.

Baba Makanike:
Ga lissafin, kowa ya yi hukunci. DH.2 inji mai ƙarfin doki 100, gudu wajen kilomita 150 a awa, bindiga ɗaya mai faranti. Albatros D.II injin Mercedes mai doki 160, gudu wajen 175, ya fi saurin hawa, bindiga biyu masu jigida suna harbi ta cikin farfela, ba ruwansa da canza faranti. Abu ɗaya DH.2 ya fi shi, yana iya juyawa a ƙaramin fili. Shi ya sa Hawker bai da wata dabara sai zagaye.

Sannan iska. A can yawanci daga yamma take busowa zuwa gabas, wato daga ɓangaren Ingila zuwa na Jamus. Duk mintin da ka yi kana zagaye, tana tura ka cikin gidan abokin gaba, kuma in za ka koma gida sai ka yi gaba da ita. Bajamushe in injinsa ya mutu a gida zai sauka. Kai in naka ya mutu, fursuna ne ko gawa.

Malam Sani Zariya:
Haka abin ya faru. Ranar 23 ga Nuwamba da rana, kwana biyar da tsayawar faɗan Somme, ya bi sintirin da Kyaftin Andrews ke jagoranta, tare da Saundby, shi yana matsayin ɗan rakiya duk da shi ne mai gidan. Suka hangi jiragen Jamus wajen Bapaume suka bi su, sai Albatros suka sauko musu daga sama. Aka lalata wa Andrews inji ya juya gida da kyar. Hawker ya rage shi da Richthofen, wanda a lokacin ko jan fentin da aka san shi da shi bai shafa ba.

A labarin da Richthofen ya bayar da bakinsa, sun yi ta zagaye kowa na neman bayan ɗan uwansa, ta hagu, ta dama, suna saukowa a hankali, har ya ce yana iya leƙa cikin jirgin Baturen Ingilan ya ga motsin kansa, kuma a wani zagayen Hawker ya ɗaga masa hannu. Ya ce nan da nan ya gane ba da ɗan koyo yake yi ba. Da suka kusa ƙasa, mai na ƙarewa, iska ta kai su can ciki, Hawker ya saki zagayen ya miƙe yamma yana kauce-kauce dab da ƙasa. Richthofen ya bi shi yana harbi, a rahotonsa ya rubuta harsashi 900. Ɗaya ne ya same shi a ƙeya, saura ƙiris ya tsallaka. Jirgin ya faɗi kusa da wata gona, Luisenhof, kudu da Bapaume. Jamusawa suka binne shi a wurin, igwa ta bi ta kan ƙasar daga baya kabarin ya ɓace, sunansa dai yana jikin allon tunawa da matuƙa a Arras. Bindigarsa kuwa Richthofen ya ɗauke ya rataye a saman ƙofarsa.

Abban Sadiq:
To Malam ka ba ni hujja da hannunka. Kwamandojin rukuni an hana su tsallaka layi, an ce su zauna su tafiyar da aiki. Shi ya ƙi ji. Ya san jirginsa ya tsufa, ya san iskar nan da Baba ke faɗa, ya san Albatros na sama, ya bi su har cikin gida. Mutumin da ke da ilmin da zai koya wa matuƙa ɗari ya je ya kashe kansa a sintirin da ƙaramin hafsa zai iya. In wannan ba taurin kai ba ne mene ne? Kuma wannan "a kai wa komai hari" ai shi ya kai su ga Afrilun 1917, da Ingila ta rasa jirage wajen 245 a wata ɗaya.

Nura Maradi:
Wallahi nan ina bayan Abban Sadiq. Boelcke ya rubuta wa yaransa ƙa'idoji, ka nemi sama, rana ta kasance a bayanka, kada ka harba sai ka matso, in kana cikin ƙasar abokin gaba kada ka manta hanyar komawa. Wannan shi ne koyarwa. "Hari kan komai" ba koyarwa ba ce, zuga ce.

Baba Makanike:
Nura, Boelcke mai ƙa'idojin ai ya riga Hawker mutuwa da kusan wata guda, shi ma kwamanda ne, shi ma a sama ya mutu. Richthofen kansa, da ya ja wa yaransa kunne kada su bi jirgi ƙasa-ƙasa cikin ƙasar abokan gaba, abin da ya yi ke nan ranar 21 ga Afrilu 1918, harsashi ɗaya ya gama da shi, shi ma yana da 25. Kada ku ɗauka akwai wanda ya fita da dabara.

Kuma ku duba dalilin tsallakawar. Jiragen faɗa ba don kansu suke tashi ba. Akwai masu ɗaukar hoto da masu yi wa igwa jagora, jirage masu nauyi marasa gudu, in ba a kore Jamusawa can nesa ba su za a yi ta ci, su kuma in ba su yi aikinsu ba sojan ƙasa ne zai biya da dubbai. Trenchard ya wuce gona da iri, na yarda. Amma laifin da na fi gani na waɗanda suka bar yara da jirgin bara ne alhali abokin gaba ya sake sabo. Rukuni na 24 bai rabu da DH.2 ba sai cikin 1917.

Maganar ya zauna a ofis kuwa, Abban Sadiq, kai za ka iya tura yara 'yan shekara 19 kullum cikin jirgin da ka san an fi shi, kana zaune kana sa hannu a takardar ta'aziyya?

Abban Sadiq:
Baba, da girmanka, zan iya in aikina ke nan. Ba daɗi ake nema ba. Ranar da ya mutu yaran nan ai ba su samu sabon jirgi ba, uba kawai suka rasa. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa min: in da Richthofen ne a DH.2 shi kuma a Albatros, kun tabbata sakamakon zai juya?

Baba Makanike:
Na tabbata da Hawker ne a Albatros ba zai buƙaci harsashi 900 ba.

Maman Iman:
Baba ka kashe bakinsa, hhh. Amma Malam, iyalinsa fa? Lambobin nasa suna ina?

Malam Sani Zariya:
Bai yi aure ba, Hajiya. Ƙaninsa Tyrrel, wanda shi ma soja ne, shi ya rubuta tarihinsa daga baya. Lambar Victoria Cross ta asali ta ɓace a 1940, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa iyalin suka baro kayansu a can, da suka koma bayan yaƙi ba su same ta ba. An ba su madadinta a 1960, yanzu tana gidan tarihin sojan sama a Hendon. A 2011 kuma mutanen rukuni na 6, rukuninsa na farko, suka kafa masa dutsen tunawa a ƙauyen Ligny-Thilloy kusa da inda ya faɗi.

Abban Sadiq, tunda kana neman abin da ya haɗa mu da wannan labari kai tsaye, ga ɗaya. Jiragen farko da suka sauka a Kano, a Nuwamba 1925, guda uku ne na sojan saman Ingila, DH.9A, ƙirar gidan de Havilland ɗin nan dai, sun taso daga Helwan a Masar suka biyo ta Sudan da Maiduguri. Jagoransu Arthur Coningham, wanda ya fara yaƙin sama a kan DH.2 a rukuni na 32, 'yan makonni bayan mutuwar Hawker. Hanyar da suka gwada ita aka bi a Yaƙin Duniya na Biyu ana kai jirage daga Takoradi ta Kano zuwa Masar.

Usman na Sudan:
Kuma El Fasher na cikin zangon wannan hanyar, Malam. Shekara tara ke nan bayan Ali Dinar.

Abban Sadiq:
To na ji, amma ban janye maganar taurin kai ba. Zan buɗe zauren Kamaru ranar Asabar, Malam ka zo da abin da kake da shi a kan Garwa, Nura kai kuma ka nemo mana na sojojin Faransa da suka gangaro daga Chadi, don su ma suna wajen kewaye Mora.